Yawan sauya dokokin ƙwallon Ostareliya: gyara ake yi ko ɓarna?

Malamin Wasanni, Unguwar Zariya

Assalamu alaikum. Ni malami ne mai koyar da wasannin motsa jiki a wata makarantar sakandare a nan Maradi. Shekara uku ke nan da ƙanena da ke karatu a birnin Melbon na Ostareliya ya aiko mini da wata jar ƙwallo mai siffar ƙwai, irin wadda ake buga ƙwallon Ostareliya da ita, kuma tun ina leƙa wasan a waya don in san yadda ake sarrafa abin da aka aiko mini, har ya shiga raina. Sun riga mu da awa 9, saboda haka wasan daren Asabar a can da hantsi yake riskarmu, wasan ƙarshe na watan Satumba kuwa ana fara shi wajen assalatu, sai na dawo daga masallaci nake tarar da shi.

Ga wanda bai taɓa gani ba, mutum 18 ne a kowane ɓangare, filin ma siffar ƙwai gare shi, da sanduna huɗu a kowane ƙarshe. Wanda ya buga ƙwallo da ƙafa ta bi tsakanin dogayen sandunan tsakiya ya sami maki 6, idan ta bi ta gefe kuma maki 1. Idan aka bugo ta, ta yi tafiyar mita 15 ko fiye, wani ya cafke kafin ta taɓa ƙasa, to ya yi abin da suke kira mak, ba mai taɓa shi sai ya buga, kuma abokin hamayya ɗaya yakan tsaya daidai inda aka yi cafkar don ya tare masa gaba.

A kan wannan mai tare gaban ne tambayata ta taso. Tun 2021 hukumar AFL, mai gudanar da babbar gasar wasan, ta ce da zarar alƙalin wasa ya umarce shi da tsayawa, ba shi da ikon gusawa dama ko hagu ko da taki ɗaya, in ya gusa a ci ƙungiyarsa tarar mita 50, wato a matso da mai ƙwallo kusan sulusin tsawon fili. Da yammacin Laraba nakan tara yara a filin makaranta, mun kafa sandunan dogon yaro huɗu-huɗu muna gwadawa cikin rairayi. Makon jiya wani yaro da na sa ya tsaya ya juyo ya ce mini, “Malam, ina da ƙafafu, ina kallonsa zai zagaye ni, don me za a ce in ƙame kamar turke?” Na rasa amsar da ni kaina zan gamsu da ita.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. A 2019 an tilasta wa kowace ƙungiya ta jera shida a baya, shida a tsakiya, shida a gaba duk lokacin da za a tayar da wasa daga tsakiyar fili. Yawan canjin 'yan wasa da ƙungiya za ta iya yi a wasa ɗaya an ƙayyade shi 120 a 2014, aka mayar da shi 90 a 2016, sannan 75 a 2021. Ɗan wasan ajiya na musamman, wanda in ya shiga wanda ya canza ba ya komawa fili, an kawo shi a 2011, an cire bayan kakar 2015, an dawo da shi a 2021, an kuma sake cire shi daga 2026. Shin wannan gyara ne da wasan yake buƙata, ko kuwa hukumar ce ta kasa barin hannunta ya huta? Sannan ni da nake koya wa yara, wanne zan riƙe, wanne zan bari?

Tsohon Alƙalin Wasa, Bagalam

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka kawo wannan magana. Na yi shekara kusan ashirin ina busa usur a wasannin ƙwallon ƙafa na wannan jiha, kuma abin da ya ja ni ga kallon wasan Ostareliya shi ne aikin alƙalansu, domin ban taɓa ganin wasan da ya ɗora wa alƙali kaya irin nasa ba, har ta kai tun 2023 alƙalai huɗu ke gudu a cikin fili, ban da na gefe da na bakin sanduna.

Da farko bari in gyara wa ɗalibinka abu guda. Ƙamewar ba ta dawwama. Da zarar mai ƙwallo ya kauce daga layinsa, alƙali zai ce a ci gaba, nan take mai tsayuwar ya sami 'yancin binsa. Abin da aka hana shi ne ya riƙa rarrafawa gefe tun kafin a buga, yana toshe hanyar tsakiya, domin da wannan rarrafen ne masu horarwa suke tilasta wa mai ƙwallo ya bi gefen fili, wasa ya yi ta tafiyar hawainiya.

Abin da shekaru suka koya mini shi ne, doka a bayan dabara take tafiya. Lokacin da mutanen kulob ɗin Melbon suka rubuta dokokin wasan a 1859, guda goma ne kacal, kuma mafi yawan abin da aka ƙara daga baya an ƙara shi ne domin wani mai wayo ya gano ɓaraka ya bi ta cikinta. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne wasan ƙarshe na 2008 tsakanin Hawthorn da Geelong. Duk lokacin da aka matsa wa 'yan bayan Hawthorn, sai su tura ƙwallo ta cikin sandunansu da kansu, su ba da maki 1 don su tsira daga 6, kuma ƙwallo ta dawo hannunsu. Sau 11 suka yi haka a ranar, suka ci wasa 115 da 89. Ba su karya doka ba, amma da an zuba ido, da kowace ƙungiya ta ɗauka, shi ya sa a 2009 aka sa hukunci a kan yin hakan da gangan. Mu ma a ƙwallon ƙafa mun ga irinsa, domin wanda ya kalli wasa kafin 1992 ya san yadda 'yan baya ke mayar wa mai tsaron gida ƙwallo ya kama da hannu, su cinye lokaci ba gaira ba dalili, kuma yau ba mai cewa a dawo da wancan zamani.

Saboda haka ni ba na ƙin canji don yawansa. Ma'aunina daban ne. Akwai dokar da ido ke yanke hukuncinta, akwai kuma wadda ke neman alƙali ya shiga zuciyar ɗan wasa ya karanto niyyarsa cikin daƙiƙa ɗaya, alhali yana haki, mutum dubu tamanin na masa ihu. Dokar tsayuwa tana cikin kashin farko, ko ya gusa ko bai gusa ba. Amma a ce alƙali ya gane ko mutum da gangan ya fitar da ƙwallo waje, ko bai nuna isasshiyar niyyar riƙe ta a cikin fili ba, wannan zalunci ne ga mai usur, domin Allah kaɗai ya san gaibu. Inda nake da ja a dokar tsayuwa shi ne girman tararta. Taki ɗaya ya jawo mita 50, sau da yawa kuma maki 6 a kyauta, hukuncin ya fi laifin nauyi.

Wadda na fi so duka ita ce ta 2022, da aka tsananta a kan gardama da alƙali, har buɗe hannuwa don nuna rashin yarda ya kai a ci mutum tarar mita 50. Na san 'yan kallo sun yi ta ƙorafi. Amma ni an taɓa kewaye ni a wani filin ƙauye saboda bugun fanareti guda, sai a bayan babur aka fitar da ni, rigata a yage, kuma a cikin yaran da muka horar tare da su a aikin alƙalanci, fiye da rabi zagi ne ya kore su.

Injiniyan Noma, Ali Ɗan Sofo

Baba, Allah ya ƙara girma, na karanta bayaninku na kuma ƙaru, amma ku yi mini izini in saɓa muku a wani wuri. Na yi karatun shekara biyu a Adelaid kafin in dawo gida, na sha shiga fili na zauna cikin masu kallo, kuma abin da na ji daga bakinsu ya sa nake ganin ba duk dokar da aka kawo ce ke bin bayan wata dabara ba. Wasu suna bin bayan kuɗi ne.

Hukumar ta damu ƙwarai da raguwar maki, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. A gidan talabijin na kyauta, bayan kowane ci na maki 6 akan sa talla kafin a koma tsakiyar fili, ga kuma yarjejeniyar nuna wasannin daga 2025 zuwa 2031 da ta kai dalar Ostareliya biliyan 4.5. Ban ce wannan kaɗai ne ke juya su ba, amma idan aka dubi jerin shida-shida, da dokar tsayuwa, da rage canji don 'yan wasa su gaji fili ya buɗe, duk a zamanin da Steve Hocking ke riƙe da sashen wasa, za a ga wuri ɗaya suka nufa, wato a sauƙaƙa wa mai kai hari, a ɗaure mai tsaro. To tsaro fa shi ma gwaninta ne. Wasan ƙarshe na 2005 da Sidni ta ci West Coast 58 da 54 ba a zuba maki ba, amma har yau ana ba da labarin yadda Leo Barry ya kutsa cikin cincirindo ya cafke ƙwallo a daƙiƙun ƙarshe ya tsare wa ƙungiyarsa kofi. Mutumin da na zauna kusa da shi a fili wata rana, dattijo mai furfura da ɗan jikansa, ya ce mini shi ba yawan ci ya kawo shi ba, ya zo ne ya ga an yi gumurzu a kan ƙwallo.

Sannan masu horarwa ba barci suke yi ba. Jerin shida-shida yana aiki ne kafin ƙwallo ta tashi, tana tashi kuwa kowa ya ruga inda aka tsara masa. Ana kawo doka, su yi mata 'yan makonni su gano bakin zarenta, sai a sake kawo wata don ta gyara abin da ta farko ta haifar, kamar mai facin tsohuwar riga, yana ɗinke nan can na yagewa. Wanda ke shan wahalar shi ne alƙali, kamar yadda kuka faɗa, da kuma mai kallo. Da za ku ji yadda fili ke ɗaukar ihu da kalma ɗaya duk lokacin da aka kama mai ƙwallo, rabin jama'a na neman a hukunta shi don ya riƙe ta, rabi na cewa bai sami damar rabuwa da ita ba, za ku san cewa dokar da ta fi kowace muhimmanci a wasan ita ce har yanzu ba a daidaita fassararta ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne soke dukan ƙwallo da ƙasa a tsakiyar fili daga 2026. Fiye da shekara ɗari alƙali na ɗaga ƙwallo da hannu biyu ya maka ta da ƙasa ta yi sama, dogaye biyu su yi tsalle su nema, kuma ba wani wasa a duniya da ake buɗewa haka. Na san hujjarsu, cewa yana wahalar da kafaɗa da baya, kuma yana hana alƙalai masu kyakkyawan hukunci kaiwa babban mataki don kawai ba su gwanance da dukan ba. Hujja ce mai ƙarfi, amma da an bar shi ko da a farkon wasa ne kawai.

Inda na yarda da ku ɗari bisa ɗari shi ne batun fitar da ƙwallo waje. A gasar jihar Ostareliya ta Kudu na ga yadda suke yi, wanda ya buga ko ya doke ta da hannu ta fita ba wanda ya taɓa, sai a ba abokan hamayya, ba ruwan kowa da niyyarsa. An gwada ta shekaru a can kafin babbar gasa ta ɗauke ta a tsakiyar fili, kuma haka ya kamata a yi wa kowace doka.

Ma'aikaciyar Jinya, Sabon Gari

Baba da yayyena, ina gaishe ku. Mijina ne mai kallon wasan, ni kuma zama kusa da shi ya sa na san shi, amma idona ba a kan maki yake ba, a kan kawunan yaran nan yake. Na ga an haɗa dokoki duka a kwando ɗaya ana auna su, alhali akwai waɗanda ba don daɗin kallo aka kawo su ba.

A watan Satumban 2023, a wasan Collingwood da Melbon, Brayden Maynard ya yi tsalle don ya tare bugun Angus Brayshaw, ya sauko a kansa, Brayshaw ya faɗi sumamme. Kwamitin ladabtarwa ya wanke Maynard, domin bisa dokar lokacin bai yi laifi ba. A watan Fabrairun 2024 Brayshaw ya bar wasa baki ɗaya yana da shekara 28, bayan hoton ƙwaƙwalwarsa ya nuna canji, kuma a shekarar aka gyara dokar, ta yadda wanda ya bar ƙasa don tare bugu ya kuma bugi kan wani, alhakin yana wuyansa sai in ya yi iyakar ƙoƙarinsa na kaucewa. Kafin nan an binciki ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan wasa irin su Polly Farmer da Danny Frawley da Shane Tuck bayan rasuwarsu, aka tarar da cutar da yawan buguwar kai ke haddasawa. Masu cewa an mayar da wasan na ragwaye ba su taɓa zama da iyalin wanda ya manta sunan 'ya'yansa ba.

A wurin aikina kusan kullum ana kawo masu babur da suka bugu a kai, kuma abin da na fi fama da shi shi ne wanda ya farfaɗo ya ce garau yake, a sallame shi ya koma aiki. Ciwon ba ya nuna jini, shi ya sa ake raina shi. Tun 2021 ɗan wasan AFL da ya sami girgizar ƙwaƙwalwa ba ya komawa wasa sai bayan kwana 12 aƙalla, a ƙananan gasanni da na yara kuwa an kai shi kwana 21 tun 2024. Malam, wannan ita ce dokar da nake roƙonka ka fara ɗauka kafin kowace. Duk yaron da kansa ya bugu, ko da ya miƙe yana dariya, ka fitar da shi, ka sanar da iyayensa, in ya yi amai ko jiri ko barci ya rinjaye shi a kai shi asibiti a daren. Su kansu mutanen Ostareliya ba sa fara koya wa ƙananan yara kayarwa, a shirinsu na Auskick cafka da bugu ake koya musu.

Mai Son Kokowa, Mokoyo

Salamu alaikum. Ni ban san wasan nan ba sai abin da na karanta a sama, amma gardamar ba baƙuwa ba ce a kunnena. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu namu na Maradi ya lashe, kokowa ta bar dandalin ƙauye ta shiga hannun hukuma, aka sa mata lokaci, aka kawo gargaɗi ga mai gudun kamu. Har gobe dattawa na cewa kokowar da aka ci da gargaɗi ba kaye ba ce, kuma ina jin zafin da suke ji, domin ba abin da ya kai ganin ƙato ya sha ƙasa, makaɗa sun ɗauka. Amma da ba a sa lokaci ba, da 'yan kokowa 80 na jihohi takwas ba su gama karawa cikin kwanakin gasa ba, kuma da ba gargaɗi, da mai tsoro ya yi ta ja da baya har rana ta faɗi. Abin da ban so shi ne a zauna a ofis a yanke, ba a tambayi waɗanda suka sha rairayi ba. Ina so Injiniya ya gaya mana ko a can ana jin ta bakin 'yan wasa da masu kallo kafin a sauya, ko sai dai su wayi gari su ji a rediyo.

Injiniyan Noma, Ali Ɗan Sofo

Yaya, akan tuntuɓi ƙungiyoyi da masu horarwa, 'yan wasa kuma suna da ƙungiyarsu mai magana da yawunsu, amma hukunci na ƙarshe yana hannun hukumar AFL, wadda ita ce mai gasar kuma ita ce mai riƙe da dokokin wasan baki ɗaya. A ƙwallon ƙafa masu tsara doka daban suke da masu gudanar da gasar kowace ƙasa, shi ya sa canji ke tafiya a hankali. A nan kuwa mai shago shi ne mai awo. Hajiya kuma ta yi gaskiya, duk abin da na faɗa a sama bai shafi dokokin kare kai ba, waɗannan ko an ninka su ba ni da ja.

Malamin Wasanni, Unguwar Zariya

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Baba, bayaninku a kan lokacin da ƙamewar ke ƙarewa shi ne abin da na kasa gaya wa yaron, kuma laifina ne, domin nakan manta in ce a ci gaba idan mai ƙwallo ya kauce, sai in bar mai tsayuwa a daskare har a wuce shi. Har yanzu zuciyata ta fi karkata ga Injiniya cewa an ɗaure mai tsaro fiye da kima, amma yanzu na san dalilin dokar, zan kuma iya faɗa wa yara shi.

Ga abin da na yanke a kan namu filin. Ba mu kai 18 ba, tara-tara muke yi, saboda haka jerin shida-shida zai koma uku-uku. Tarar mita 50 ta kusa tsawon filinmu duka, na mayar da ita taki goma. Ƙwallo ba ta tashi a rairayi ko an maka ta, dama jefa ta sama muke yi tun farko. Wanda ya fitar da ita waje a ba abokan hamayya, ba zan tsaya tambayar niyyar kowa ba. Kayarwa kuma na dakatar da ita daga wannan Larabar, taɓawa da hannu biyu ta wadatar, kuma Hajiya, in kin sami sarari wata yamma, ina so ki zo ki yi wa yaran bayanin buguwar kai da bakinki, domin za su fi jin maganar mai farar riga. Muna farawa bayan la'asar.